Neman shawara: ɗana ba ya gama alwala, yanzu kuma abin ya wuce alwala

Maman Habsu (Zariya, Maradi):
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawararku nake nema kan ɗana na biyu, shekararsa 11, yana CM2, ajin ƙarshe na firamare. Tun wajen azumin da ya wuce muka ga ya sauya, kuma daga alwala abin ya faro. Zai ɗauki buta ya tsuguna, ya wanke hannu, ya kai fuska, sai ya tsaya ya koma farko. Buta ɗaya ba ta isarsa, har a sallame a masallacin ƙofar gidanmu yana nan tsugune. In ya tada salla, kabbarar harama kaɗai sai ya yi ta maimaitawa, ya ɗaga hannu ya sauke, ya ɗaga ya sauke, wani lokaci har da hawaye. Da fari murna muka yi, kakarsa ta ce Allah ya ba mu malami a gida.

Yanzu in ya fito makewayi sai ya sake wando, wai fitsari ya fallatsar masa, in na duba babu komai. Yatsunsa duk sun tsage saboda sabulu da omo, ga hunturu. Mushensu ya kira ni ya nuna mini kayensa: layi ɗaya zai rubuta ya goge, ya sake ya goge, har takardar ta huje. A kompozisiyon da ta wuce ko rabi bai gama ba, shi da ba ya fita cikin na gaba-gaba a aji. Abin da ya fi ci mini rai kuma tambaya ce. Da dare zai zo bakin gadona ya ce, "Inna, wani mugun tunani ya zo mini game da Allah, na kafirta?" In ce a'a. Ya tafi ya dawo, "Inna, kin tabbata?" Haka za mu yi ta yi har in gaji in daka masa tsawa, sannan in kwana ina tausayinsa.

Babansa ya yi faɗa, ya yi duka, ba abin da ya ragu. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi. Cikin dangi wasu na cewa jifa ce saboda ƙoƙarinsa a lakwal, wasu na cewa aljani ne. Ga kuma ɗiyar yayata a Tasawa, ƴar shekara 9. Ita ba ruwanta da wanke-wanke, amma ba ta fita ɗaki sai ta jera takalman gidan daidai wa daida, ta taɓa ƙyaure sau huɗu. In an katse ta sai ta fashe da kuka ta koma farko. Yayata ta ce ciwonsu ɗaya, ni kuwa ban ga inda suka yi kama ba. Don Allah wanda ya san wannan abu ya faɗa mini, mene ne, kuma ina zan nufa da yaron nan?

Hajiya Ta Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ƙanwata. Ki lizimci azkar na safe da maraice, ki riƙa tofa masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta. Ki kuma daina ba kowa labarinsa a unguwa, baki ba kyau.

Baban Kalifa (Sabon Gari):
Maman Habsu, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, sangarta ce. Yaro ya ga in ya yi haka kowa na lallashinsa. Ku ɓoye sabulun, ku auna masa ruwa a moɗa, in ya ƙi a sa masa bulala. Mu da muka tashi a makarantar allo wa ya taɓa jin irin wannan?

Likita Sani:
Maman Habsu, sannu da ɗawainiya. Ni ma'aikacin jinya ne, na yi aiki a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ba a yanke wa yaro ciwo ba a gan shi ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da abin da likitocinmu ke rubutawa TOC, a Najeriya kuma OCD, wato ciwon waswasi mai tilasta wa mutum maimaita aiki. Kuma ina ganin yayarki na da gaskiya.

Abin da ya haɗa yaran biyu ba a ido yake ba, a yadda ciwon ke aiki yake. Wani tunani ko hoto ko shakka zai faɗo wa yaro a rai ba da sonsa ba, ya tayar masa da hankali. Sai ya ji babu abin da zai kwantar da hankalin sai ya aikata wani abu. In ya aikata ya samu sauƙi na ƴan mintoci, daga nan shakkar ta dawo ta nemi ƙari. Kamar ƙazuwa ne, susar na da daɗi a lokacin, amma ita ke faɗaɗa ƙurajen.

Nau'in da iyaye suka fi saurin ganewa shi ne na ƙyanƙyami da wanke-wanke, domin sabulu na ƙarewa, takardar kuɗin pampo na hawa. Wani yaron ƙwayar cuta yake tsoro, kuma wanda dama yana da tushen abin a jikinsa, faɗakarwar wanke hannu irin ta lokacin korona a 2020 ko kwalarar 2021 kan iya zame masa mafari. Wani kuma najasa yake tsoro, kamar naki. Akwai masu dube-dube: an rufe ƙofa? an kashe gaz? bik ɗina na cikin jaka? Ya duba ya gani da idonsa, ya yi taku uku shakka ta dawo. Sau da yawa a bayan wannan akwai tsoron cewa in bai duba ba wani abu zai samu innarsa ko babansa, kuma laifinsa ne.

Ɗiyar yayarki na cikin masu jerawa da ƙirga da taɓawa. Irin waɗannan in ka tambaye su me suke tsoro, da yawa ba su da amsa, sai dai su ce "bai zauna daidai ba". Wani abu ne ke takure su a jiki har sai an yi abin yadda ya kwanta musu. Gogen rubutun da ɗanki ke yi ma nan ya faɗo, kin ga ke nan shi kansa yana taɓa nau'in ƴar'uwar tasa. Wannan nau'in kan zo wa wasu tare da ƙifta ido ko ɗaga kafaɗa ko gyaran murya ba da niyya ba, musamman yara maza.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na mugayen tunane-tunane, domin shi ne ke ɓoyuwa. Zagin Allah ko Manzo ya faɗo wa yaro a zuciya, ko hoton yana cutar da ƙanensa, ko abin batsa da shi kansa yake jin kunyarsa. Ba ya so, ba zai aikata ba, ƙin abin ne ma ke sa shi firgita. Wani ba za ka ga yana yin komai ba, a zuci yake maimaita istigfari ko ƙirga ko "goge" tunanin da wani tunanin. Tambayar nan ta dare, "kin tabbata?", ita ma aikin ciwon ce, daidai take da wanke hannun. Kuma a wajen yaro ɗaya abin na iya sauya kama, bana wanke-wanke, baɗi dube-dube, iyaye su zaci wancan ya warke wani sabo ya zo.

Cikin yara ɗari ana samun ɗaya zuwa biyu masu shi. Yakan faro tsakanin shekara 8 zuwa 12, ko a ƙarshen samartaka, kuma a ƙuruciya ya fi saurin bayyana ga maza. Yana bin jini, shi ya sa ban yi mamakin jin ɗiyar yayarki ba. Abin da likita ke aunawa shi ne ko abin na cin fiye da awa ɗaya a yini, ko yana hana yaro karatu, barci da zama da mutane.

Baban Kalifa, da girmamawa, wanda ke neman lallashi ba ya wanke hannu har ya tsage a cikin hunturu. Bulala tsoro take ƙarawa, tsoro kuwa shi ne abincin wannan ciwo. Abin da duka ke koya wa yaro shi ne ya ɓoye.

Malam Na Limanci:
Bismillah. Abin da Likita ya faɗa bai saɓa wa abin da muka karanta ba, domin malamanmu sun san wannan lalura tun da daɗewa, har hukunci na daban suka ware mata. A Ahalari, wanda yaranmu ke fara fiƙihu da shi, an ce wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye sai ya sake, sai fa in mai waswasi ne, to shi babu komai a kansa. Abin da nake gani shi ne yara na haddace rabin farko, rabin na biyu ba a tsaya an fahimtar da su. A babin rafkanuwa kuma an ce mai waswasi ya fitar da waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujada ba'adi kawai. Risala ma haka ta ce game da wanda shakka ta aure shi, wato ta yi masa yawa: ya rabu da ita, babu gyara a kansa. Malaman Malikiyya sun ce wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini, ya shiga wannan hukunci. To ina ga yaron da ba ya iya gama wanke fuska?

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, mudun nabin da muka sani, ba ya kai cikin buta. Wanke gaɓa sau uku shi ne iyaka, ƙari a kai ba lada ba ne. Niyya kuma a zuciya take, wanda ya tashi ya ɗauki buta don salla ya riga ya yi niyya.

Game da tambayarsa ta dare, a cikin Sahihu Muslim sahabbai sun zo wa Annabi suka ce suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su. Ya tambaye su ko lalle sun ji hakan, suka ce e, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Wato ƙin da suke wa abin shi ne shaidar imaninsu. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Ga shi yaro ne da alƙalami bai ma hau kansa ba. Maman Habsu, ki faɗa wa kakarsa da lalama cewa wannan ba yawan tsoron Allah ba ne, wahala ce ta samu yaron. Tsoron Allah ba ya sa mutum ya rasa jam'i yana tsugune gaban buta.

Ina kuma kira ga ƴan'uwana masu karantar da yara a islamiyyu. Yaro ɗan shekara 8 ko 10, in za a ba shi labarin wuta da azabar kabari, a ba shi na rahama ninkin haka. A kowane aji akwai mai raunin zuciyar da zai tafi da maganar gida ya kwana da ita. Addu'a a ci gaba da yi kamar yadda Hajiya Ta Mokoyo ta ce, asibiti kuma a je, neman magani umarni ne.

Wani ɗalibi (ba na son a san sunana):
Inna, ki ba ni dama in yi magana a matsayin wanda abin ya sama. Yanzu ina jami'a nan Maradi. Ni nawa ba wanda ya taɓa gani, domin ban taɓa wanke hannu fiye da kowa ba. Ina kamar shekarun ɗanki aka haifi ƙanwata. Wata rana innarmu na yanka albasa, sai hoto ya faɗo mini wai na ɗauki wuƙar na soki jaririyar. Jikina ya ɗauki rawa. Daga ranar na daina ɗaukarta, na daina zama ɗakin da take, in na ga wuƙa sai in tura ta ƙarƙashin buhu. A gida aka ce kishi nake da ita, har tsokanata ake yi. Ni kuwa son da nake mata ne ya sa nake gudunta. Kullum a zuciyata ina ƙirga zuwa bakwai ina a'uziyya, in na ɓata lissafi in sake. A aji mushe na bayani, ni ina can ina ƙirga, aka ce na zama daƙiƙi.

Na ɗauka ni mugu ne da Allah ya tona wa asiri. Sai da na kai lise na faɗa wa wani kawuna da ke aikin asibiti, ya kai ni wajen likita a Yamai. Ranar da likitan ya ce mini wannan tunanin sananne ne, yana jin irinsa wajen mutane da yawa, kuma masu shi ba sa aikatawa, kuka na yi a gabansa. Na sha magani, na yi zaman koyon yadda zan bar tunanin ya zo ya wuce ba tare da na ƙirga ba. Har yau yakan leƙo lokacin jarrabawa ko in na rasa barci, amma ba ya riƙe ni.

Ɗanki ya fi ni sa'a tunda yana zuwa bakin gadonki ya faɗa. Ki tambaye shi a keɓe ko akwai wasu tunanin da yake jin kunyar faɗa, kuma duk abin da ya faɗa kada fuskarki ta nuna firgita, domin fuskarki zai duba kafin ya ji maganarki.

Malama Zuwaira (Tibiri):
Ni CE2 nake riƙewa, kuma wannan bayani ya buɗe mini ido. Muna da irinsu a aji: mai karanta layi ɗaya sau da yawa ba ya wucewa, mai makara kullum alhali gidansu na kusa, mai riƙe fitsari tun safe har tashi don kada ya shiga makewayin lakwal. Da yara sun haura sittin a gabanka, wanda ya yi shiru shi ne ba ka lura da shi. Maman Habsu, ki koma wajen mushensu da darektan, ki ce lalura ce ana neman magani. Ki roƙa a daina dukansa kan rashin gama rubutu, a karɓi kayensa ko da ƙazanta a ciki, kada kuma a nuna shi gaban aji. Shekarar neman shiga sizyam ce, ajin farko na sakandare, bai kamata ya rasa ta ba.

Maman Ihsan (Bagalam):
Likita, kun tsorata ni. Ɗiyata shekararta 3, ba ta shan koko sai a kofinta ja, kuma sai an yi mata waƙa ɗaya kullum kafin barci, in an sauya ta yi ta birgima. Shi ne?

Alhaji Na Madarunfa:
Likita, ni nawa daban ne. Jikana ɗan shekara 7, lafiyarsa lau, ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Bayan ya warke, cikin kwana biyu yaro ya birkice: ba ya cin abinci wai da datti, yana wanke hannu, ya koma fitsarin kwance, ba ya yarda uwarsa ta gusa. Mu dai mun ce iska ce.

Likita Sani:
Maman Ihsan, ki kwantar da hankalinki. Tsakanin shekara 2 zuwa 5 yawancin yara na da irin wannan, son komai ya tafi yadda suka saba, kuma yana wucewa da kansa. Ita tana jin daɗin kofinta da waƙarta. Mai ciwon ba ya jin daɗin abin da yake yi, yana yi ne yana wahala.

Alhaji, naka kada a jinkirta. Wanda muka saba gani a hankali yake shigowa cikin watanni. Wanda ke faɗowa dare ɗaya bayan ciwon maƙogwaro, wata likita a Amurka, Susan Swedo, da abokan aikinta sun yi bayaninsa a 1998, ana kiransa PANDAS. Abin da ake zato shi ne garkuwar jiki, wajen yaƙar ƙwayar streptokok, takan taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Ba shi da yawa, kuma likitoci na ci gaba da muhawara a kansa, amma zuwan abu farat ɗaya irin haka na bukatar likitan yara ya duba, domin akwai wasu cututtukan ƙwaƙwalwa da ke farawa haka. Ku faɗa masa zancen maƙogwaron da bakinku. In kuna ganin hannu ko fuskar yaron na fizga ba da sonsa ba, ko rubutunsa ya lalace, ko gaɓoɓinsa na ciwo, ku faɗa, don wannan ƙwayar na iya taɓa zuciya. Kada a kai shi wajen wanzami a ce za a cire beli.

Maman Habsu (Zariya, Maradi):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗana ɗalibi, maganarka ta sa ni hawaye, Allah ya ƙara maka lafiya. Likita, abu ɗaya ya tsaya mini. Ka ce tambayar da yake yi mini ita ma ciwon ce. To in ya zo cikin dare yana rawar jiki, in ƙyale shi? Ni ke ɗebo masa ruwan, ni ke wanke wandunan da ya cire, don in ban yi ba gidan ba ya zaunuwa. Kuma maganin asibitin nan, ba irin wanda ke sa mutum ya yi ta barci yana dalalar da miyau ba ne?

Likita Sani:
Kusan duk uwar da ke da irin yaron nan haka take yi, tausayi ne. Sai dai kowace amsa da kowace butar ƙari na ba shi sauƙin minti biyar, ta kuma tabbatar masa cewa ba zai iya jurewa ba sai da ita. Ba ƙyale shi za ki yi ba, kuma ba a yanke komai rana ɗaya. Ku zauna da rana lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa abin nan ciwo ne, yana da suna, ba laifinsa ba ne, kuma ku biyu za ku yaƙe shi. Yara kan ji sauƙi in an raba su da ciwon, a riƙa cewa "waswasin ne ke magana". Ku yi yarjejeniya cewa tambaya sau ɗaya za ki amsa. In ya dawo, ki jawo shi jikinki ki ce, "Na san kana jin tsoro, wannan waswasin ne, na riga na amsa, zauna nan har ya lafa." Zai yi kuka, kwanakin farko abin zai ma fi tsanani. Amma tsoro in ba a biya masa bukata ba yana hawa ne ya sauka da kansa, kuma abin da muke so yaron ya gano da jikinsa ke nan.

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace inganci. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya fara bayyana ta a 1966: a fuskantar da mutum da abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, a hana shi aikin da ya saba yi don samun sauƙi. Ana farawa da mafi sauƙi. Misali ya taɓa ƙyauren makewayi ya jinkirta wanke hannu na minti biyu, gobe biyar. Ya rubuta layi da kuskure a ciki ya bar shi. Alwala kuma babansa ya tsuguna kusa da shi su yi tare, buta ɗaya, in an wuce gaɓa ba a komawa, daidai da hukuncin da Malam ya kawo. Bambancinsa da shawarar Baban Kalifa shi ne da yardar yaron ake yi, mataki-mataki, da yabo in ya jure. Ya fi kyau a tsara matakan tare da ma'aikacin da ya san aikin.

Magani kuma ba wancan da kike tsoro ba ne, wancan na wasu cututtuka ne daban. Na wannan su ne irin su fluoksetin da sertralin, masu aiki kan sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Ba kowane yaro ke bukata ba, sai abin ya yi nauyi. Suna ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu, don haka kada a ce ba ya aiki a watsar bayan kwana goma, kuma ba a dainawa kwatsam. A makonnin farko a sa ido, in yaro ya ƙara rikicewa ko ya fara zancen mutuwa a koma wajen likita a ranar. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 kan yara 112 masu shekara 7 zuwa 17, bayan mako 12, kusan kashi 54 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa wannan horon na fuskantar tsoro da sertralin alamunsu sun kusa ɓacewa, horon kaɗai kashi 39, maganin kaɗai kashi 21, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki kuwa kashi 4. Kin ga horon ne ginshiƙi.

Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko ki je babban asibitin jiha, ki nemi a haɗa ki da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In ana bukatar ƙari za su tura ku Yamai. Ki tafi da kayen nasa, ki kuma rubuta abubuwan da yake maimaitawa da tsawon lokacin da kowanne ke ci, don yara kan yi shiru gaban likita. Don Allah kada a sayi komai wajen masu tallan magani a kasuwa. Yayarki ma ki tura mata wannan bayani.

Maman Habsu (Zariya, Maradi):
In sha Allahu zan je. Matsalar babansa ce. Na karanta masa, ya ce shi ɗansa ba mahaukaci ba ne da za a kai shi wannan sashe mutane su gani, gobe a hana ƴan'uwansa mata aure.

Malam Na Limanci:
Hajiya, kada ki ja da shi a kan wannan, tsoron bakin mutane ne, kuma ba shi kaɗai ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, wansa ko limamin masallacinku, ki nuna masa abin da aka rubuta a nan, shi ya yi masa magana namiji da namiji. A ce masa likitan yara za a fara gani, kuma ba sai an yi shela ba. In liman ya yarda, ya zaunar da yaron gaban babansa ya faɗa masa hukuncin mai waswasi da bakinsa: alwalarka ta yi, sallarka ta yi, ba ka sakewa.

Likita Sani:
Allah ya gafarta Malam, na goyi bayan wannan, da sharaɗi ɗaya. Liman ya faɗa sau ɗaya, a rubuta wa yaron a takarda in ana so. In aka bar shi yana zuwa bayan kowace salla yana tambayar liman ko ta yi, to tambayar daren ce ta tashi daga bakin gadon innarsa ta koma masallaci. A sanar da liman wannan tun kafin a kai yaron.